Haibirid bayan saukar fetur: amsa daga wanda ya shekara shida da Prius

Wa alaikumus salam. Malam, tun jiya da daddare na ga tambayarka a zauren nan, na bari sai da na lalubo ɗan littafin da nake rubuta kuɗin mai a ciki, don kada in yi maka lissafin ka. Ka ce kuɗin Corolla na hannunka, dillali kuma yana ta kwaɗaita maka Prius, wato haibirid ɗin Toyota mai haɗa injin fetur da lantarki, amma tunda fetur ya fara saukowa kana tunanin anya ƙarin kuɗin da za ka ɗora ba asara ba ce. Na ga masu cewa "guje ta kawai", na ga masu cewa "saya ido rufe". Abin da ban gani ba shi ne wanda ya tambaye ka kilomita nawa kake yi a rana, kuma a wace irin hanya, alhali amsar tana can.

Ni na sayi tawa a 2019, Prius ƙirar 2010, 'yar Kwatano. Lokacin lita ₦145 ce, farashin da aka tsaya a kai tun Mayun 2016. Abokan aiki ba irin tsiyar da ba su yi mini ba, wai na sayo motar marowata, wai fetur ɗin nawa yake da har mutum zai ɗauko wa kansa motar da ba a jin tashinta. Ko shekara ba a rufa ba korona ta karya farashin ɗanyen mai, a Maris na 2020 aka mayar da lita ₦125, tsiya ta ƙaru. Sai ga 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin kwana biyu lita ta kai wajen ₦500. Kafin 2024 ta ƙare ta haura dubu. Mutum biyu cikin masu tsiyar nan sai da suka zo har gida suna tambaya ko zan sayar. Da matatar Dangote ta shiga rage farashi a 2025 kuma, ga shi mun dawo ana tambayar ko haibirid tana da amfani. Mota ɗaya ce, ban canza ta ba, amma farashin mai ya yi ta hawa da sauka a kanta. Kai ma in ka saya, shekara biyar ko bakwai za ka yi da ita, kuma yanzu da babu tallafi farashin yana bin dala da ɗanyen mai ne. Farashin wannan makon ba abin da za a ɗora cinikin miliyoyi a kansa ba ne.

Ga abin da ke littafina. Daga bayan Kabuga nake tashi, aiki a wajen Bompai, ga kai yara makaranta da ɗauko su, ga 'yan zirga-zirgar yamma. A taƙaice kilomita 50 a rana, kwana 26 a wata, wato 1,300. Corollar da nake da ita kafin wannan, in esi na kunne a cikin gari, kilomita 10 take ba ni a lita, wato lita 130 a wata. Prius tana ba ni wajen 18, wato lita 72. Bambanci lita 58. In lita ₦1,050 ce, ₦60,900 ke nan ya rage a aljihu kowane wata. In ta sauko ₦850, ya zama ₦49,300. To, a ce ƙarin da dillali ke nema a kan kuɗin Corolla miliyan ɗaya da rabi ne (misali na ba da, kai ka san ainihin abin da ya ce maka). A farashin sama, wata 25 za ka mayar da kuɗinka. A farashin ƙasa, wata 30 da 'yan kwanaki. Duk saukar nan da ake ta magana, ƙasa da wata shida ta ƙara wa mai irin zirga-zirgata.

Yanzu ɗauki maƙwabcina, malamin makaranta, da ba ya wuce kilomita 15 a rana. Bambancinsa a wata bai fi lita 17 ba. Ko a lokacin da lita take ₦1,050 sai ya shekara bakwai kafin ya mayar da miliyan ɗaya da rabin nan, a ₦850 kuwa ya kusa tara. Kafin nan batir ya nemi nasa. Shi kam tun fetur na sama haibirid ba tasa ba ce, ba saukar farashi ce ta hana shi ba.

Dalilin da ya sa cikin gari ne gidanta, sai ka gane yadda take aiki. Da farko, irin wannan ta Toyota ba a jona ta da wuta. Na ga wani a zauren nan yana cewa ina wutar NEPA da za a yi cajin. Wadda ake jonawa da wuta wata iri ce daban. Ita wannan injin fetur ne da na'urorin lantarki guda biyu a cikin giya, da babban batir a bayan kujerar baya. Duk sanda ka taka birki ko ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙarfin da wata mota za ta ƙonar a banza sai ya koma caji. In ka tsaya a danja injin ya mutu da kansa, esi kuma na ci gaba da sanyi, don kwamfuresarta ta lantarki ce, ba fanbel ke juya ta ba. A gosulon Ƙofar Famfo da yamma, inda ake tafiyar taku biyu a tsaya, adaidaita sahu na kutsowa ta hagu da dama, sau da yawa da batir kaɗai nake lallaɓawa, injin sai ya tashi minti ɗaya ko biyu ya sake yin shiru. Na gefena kuwa injinsa na ta shan mai bai motsa ba. Haka in na je ɗaukar yara aka daɗe ba a tashe su ba, ina zaune cikin sanyi rabin sa'a, allurar mai ba ta san an yi ba.

Amma hau hanyar Zariya zuwa Kaduna ka sa ƙafa a 120, labari ya canza. Babu birki, babu tsayawa, injin na aiki ba hutu, batirin ya zama kaya kawai. Tana dai fin Corolla sauƙin sha, amma bambancin ya koma kilomita uku ko huɗu a lita, ba takwas ba. Wanda aikinsa Kano zuwa Abuja ne duk mako, ya rage buri.

Sai maganar da dillali ba zai so a daɗe a kanta ba, wato batir.

A Amurka, inda yawancin motocin nan ke fitowa, garantin da Toyota ta ba batirin irin tawa shekara takwas ne ko mil 100,000, a wasu jihohi kamar Kalifoniya shekara goma ko mil 150,000. Ka ga ke nan duk Prius ƙirar 2010 ko 2012 da za ta iso hannunka yau ta daɗe da wuce garanti. Ƙari a kan haka, irin wannan batirin ba ya son zama. Mota ta yi wata da watanni a filin gwanjo, ta yi makonni a jirgin ruwa, ta yi zaman tasha ana jiran duti, sannan ta zo ta shanya a rana a wajen dillali. Kana iya samun wadda jikinta fes, kujeru kamar ba a taɓa zama ba, amma batirin ya rage kwana.

Batirina ya ba ni shekara uku. A azumin 2022, watan Afrilu, zafin nan da kwalta ke narkewa, na yi makonni ina jin wata fanka na huci a bayan kujera, ban kula ba, na ɗauka al'adarta ce. Ran nan ina dawowa gab da shan ruwa, ina tsaye a danja, sai alamar nan mai kusurwa uku ta kama, rubutu ya fito wai a duba tsarin haibirid, motar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata tirela. Da ƙyar na lallaɓa gida. Washegari aka jona kwamfuta ta nuna P0A80, lambar da duk mai Prius ke addu'ar kada ya gani. Da aka cire murfin gefen kujerar baya aka zaro fankar da ke sanyaya batirin, wallahi kunya ta kama ni. Ƙurar hunturu uku ta daskare a fukafukanta kamar an shafa laka, ga zare, ga gashi, ga ɓawon gyaɗa da ledar alawar yara. Ashe ramin da take shan iska a gefen kujera, yara sun mayar da shi wurin jingina jakar makaranta. Batirin da iskar cikin mota ake sanyaya shi. Na toshe masa hanci, na yi ta ajiye shi a rana, a garin da zafi ke wuce 40.

Kuskurena na biyu ya fi na farko tsada. Batirin ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan gidaje 28 ne a jere, jimillarsu volt 201.6. Wani mai gyara, ba zan kama suna ba, ya ce gida biyu ne kawai suka mutu, a canza su shi ke nan. Na ji araha na yarda. Wata huɗu lambar ta dawo, wannan karon wasu gidajen ne. Dama duk tare suka tsufa, in ka cusa biyu masu ƙarfi a cikin 26 gajiyayyu ba tare da an daidaita su ba, na gaba a layi ne zai faɗi. A ƙarshe sai da na sayi cikakken batir da aka ciro daga wata da ta yi hatsari, wadda ta fi tawa sabunta. Na koma littafi na haɗa lissafi, sai na tarar gyara biyun nan sun lashe kusan duk abin da na tara na mai tun ranar da na saye ta. To ka ji gaskiyar da masu yabon haibirid ba sa faɗa. A zamanin ₦145 zuwa ₦165, motar nan ba ta biya ni ba, canjaras muka yi. Masu tsiya ba su yi ƙarya duka ba. Sai dai fetur mai araha na wancan lokaci da "saukar" da ake magana yanzu ba abu ɗaya ba ne. Daga dubu da wani abu zuwa ɗari takwas da wani abu da aka gani a 2025, duk da haka ya ninka na da sau biyar. Daga 2023 zuwa yau ta biya ni kuɗin batirin ta ƙara da riba.

Ka sani kuma batir da dala ake sayo shi, ya tashi shi ma tun da aka saki naira a Yunin 2023. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai yi lissafin haibirid ya cire wani abu daga ribar kowane wata, ya ajiye da sunan batir. In bayan ka cire wannan har yanzu akwai saura mai kauri, to ka shiga.

Yanzu duk ƙarshen hunturu sai an wanke fankar nan, na sa 'yar raga a bakin ramin, na kafa wa yara doka, kuma ina neman inuwa ko da zan ƙara tafiyar ƙafa. In na shiga da rana esi nake fara sakewa, ba don kaina kaɗai ba. Mai kashe esi don tsimin mai a haibirid, batirinsa yake dafawa.

Bakanike shi ne rabin motar. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbata a garinku akwai wanda ya san ta, ba wanda zai koyi aiki a kanta ba. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ɗauke da wutar babban batir ba na wasa ba ne, suna iya kisa. Mai gyaran esi na bakin titi in ya zuba wa kwamfuresa man da ya saba zubawa a sauran motoci, ya jawo maka masifa, don ita nata na musamman ne da wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, ND-11 ake ce masa. Baƙin mai 0W-20 take so, ba mai kaurin nan da ake aunawa a galan ba. Kuma irin tawa, ƙirar 2010 zuwa wajen 2014, an san su da wata lalura da ba ta shafi batir ba ma: hanyar da hayaƙi ke komawa cikin inji tana toshewa da baƙi, in aka bar ta sai gaskit ya ƙone. Alamarta ita ce jijjiga da ƙwanƙwasa in an tashe ta da safe. Wasunsu kuma in sun tsufa suna shan baƙin mai. A Kano da Kaduna da Abuja yanzu ana samun masu aikin, kayan gyara ma in ba a samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba ana aikowa daga Ladipo a Legas. Amma in kana zaune inda sai an yi tafiyar awa uku kafin a ga mai kwamfutar da ke karanta ta, Malam, ka riƙe Corollarka, kowane gindin bishiya ana gyara ta.

A ɗaya gefen, akwai kashe-kashen da na manta da su. Ba ta da kik, ba ta da altaneta, irin tawa ko fanbel babu. Takalmin birki sau ɗaya na canza a shekara shida, don yawancin tsayawar lantarki ne ke yi. Sai kuma abin da ba ya shiga lissafi, wato layi. A wahalar man farkon 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur, tankina na lita 45 yana kai ni sama da mako biyu. Abokaina suna kwana a gidan mai ko su faɗa hannun 'yan bumburutu, ni sau biyu a wata nake wannan wahalar. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke cikin zauren nan su ma shaida ne. An rage musu lita zuwa sefa 499 a 2024, amma hakan bai hana dogayen layuka a Maris na 2025 ba. Man na iya yin araha a allo ya gagara a famfo.

Akwai ɗabi'unmu da ba ta ɗauka. Tafiya da jar wuta har mai ya ƙare, a ce a kawo galan, kada ka gwada, don in ka matsa mata ta cinye babban batirin har ƙasa, ba cajin mai shago ne zai tashe shi ba. Ba a jan ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa. Kada ka riƙa ba wasu wuta da ƙaramin batirinta, shi ma in ya yi sanyi motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake, mutane da yawa sun tsorata a banza a kan wannan. Ruwan damina in ya kai gwiwa, juya. Ƙasa gare ta sosai, tudun rage gudun da ake zubawa a unguwanni sai ta karce ciki in an cika ta da mutane, hanyar ƙauyenmu kuwa da damina aron mota nake yi. Ka kuma kula da abin nan na salansa da bakanikai ke kira indomi, na Prius yana da tsada kuma ɓarayi sun sani, ka leƙa ka tabbata ba a riga an ƙwaƙule shi ba. Shirunta ma abin lura ne. Na taɓa fitowa daga gida da baya, wata tunkiya na kwance a bakin get ko kunne ba ta kaɗa ba, sai da na fito na kore ta. Tun daga ranar, in yara na wasa a layi sai na danna hon kafin in motsa.

In ka je dubawa, kada ka yi cinikin biri a sama. Akwai 'yar na'urar da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya, da manhaja irin su Dr. Prius, tana nuna maka gidajen batirin bibbiyu, layi 14. Ka sa a tuƙa, a taka da ƙarfi, a yi birki, kana kallo. In layi ɗaya na zubewa ƙasa ya bar 'yan'uwansa, ka san abin da ke jiranka. Ka lura da allon caji: in yana cika nan da nan ya kuma zube nan da nan, batirin ya gaji. Ka ce kana son ganin ta da sassafe kafin kowa ya tashe ta. Ka bi lambar shasi a intanet ka ga tarihinta, ko ambaliya ta taɓa cinye ta, ko an juya mita. Dillalin da ya hana a jona kwamfuta ya riga ya ba ka amsa.

Wani abu kuma da saukar fetur ke yi, wanda ya fi amfanar mai saye. Daga tsakiyar 2014 zuwa farkon 2016 gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30, Amurkawa suka koma sayen manyan motoci, kasuwar Prius ta yi sanyi. Mu ma haka muke, har mun fi. Fetur na tashi kowa na neman haibirid, dillalai su ɗora kuɗi, yana sauka a manta da ita. Saboda haka in da gaske kana cikin masu buƙatarta, yanzu ne lokacin taya ta da ƙarfin gwiwa, ba ranar da aka sake wayar gari da sabon farashi ba. Na sha ganin Camry haibirid a fili kuɗinta ɗaya da 'yar'uwarta mai fetur zalla, saboda tsoron batir. In ka samu irin haka kuma batirin ya ci jarrabawa, ai maganar mayar da ƙarin kuɗi ma ba ta taso ba. Sai dai ka tuna tsoron nan da ya sauƙaƙa maka saye, shi zai wahalar da kai ranar sayarwa. Corolla ko da tsakar dare ka fito da ita akwai mai saye. Prius sai ka jira wanda ya san ta.

Ni dai in tambayar a kaina ce, zan sake saya, amma ba ƙirar 2010 ba. Zan ƙara haƙuri in tara in ɗauki ta 2016 zuwa sama, ko Camry haibirid saboda ƙasan nan da hanyar ƙauye. Kai kuwa, rubuto mana abu uku: kilomita nawa kake yi a rana, nawa ne a cikin gari nawa ne a babbar hanya, da ainihin ratar kuɗin da ke tsakanin motocin biyu. In ba ka taɓa aunawa ba, cika tanki gobe, rubuta lambar mita, ka yi harkokinka na mako guda, ka sake cikawa a famfo ɗaya. Kawo lambobin nan mu buga tare.